Kuben Ƙaramar Bindiga A Daji

Ranar Jumma'a, 14 ga watan Satumba na shekarar 2018, waɗansu mutum biyu suna cikin duwatsun Jihar Wayomin ta ƙasar Amurka suna fiɗar nama. Ɗaya baƙo ne da ya zo farauta daga Jihar Fulorida, ɗayan kuwa jagora ne, wanda sana'arsa ke nan ya shiga daji da baƙi ya fito da su. Kwana ɗaya kafin nan baƙon ya harbi wata irin babbar barewa da ake kira elk da kibiya, ba su sami gawarta ba sai washegari. Jagoran yana da ƙaramar bindiga ƙirar Glock, a cikin kube irin wanda ake ɗaurawa a ƙirji. Da zai fara fiɗa sai ya tuɓe riga, ya kwance kuben da bindigar a ciki, ya ajiye wajen kayansu, 'yan taku kaɗan daga inda ya tsuguna.

Suna cikin aiki sai ga beyar, irin wadda ake kira girizili, ta fito a guje da ɗanta a baya, ta faɗa wa jagoran. Baƙon, wanda ya fi kusa da kayan, ya zaro bindigar daga kube, amma bai san kanta ba, kuma ba a ɗana ta ba, watau babu harsashi a maƙogwaronta. Cikin kiɗima gidan harsashin ma ya faɗo ƙasa. Dabbar ta juyo kansa ta kama shi a ƙafa, ya jefa wa jagoran bindigar, ya samu ya kuɓuta, ya hau doki ya nemi tudu inda ya buga waya neman taimako. Sai washegari aka sami gawar jagoran. Bindigar lafiyarta lau, harsashinta mai kyau ne, kubenta ma irin wanda mutanen dajin suka yarda da shi ne. Abin da ya ɓaci shi ne a lokacin da aka buƙace ta ba ta jikin mai ita.

Wannan labari shi ya kamata duk mai zaɓen kube ya fara riƙewa, domin akasarin mutane kan ƙare hankalinsu da kuɗinsu wajen zaɓen bindiga, sa'an nan su sayi kube da canjin da ya rage. Alhali kuwa bindiga ta fi daɗewa a cikin kube fiye da a hannu nesa ba kusa ba. Mutum na iya shekara goma yana yawon daji bai zare ta don tsare rai ba ko sau ɗaya, amma kowace rana daga cikin shekarun nan kuben yana aiki, ana hawa dutse da shi, ana kutsawa cikin ƙaya da shi, ana faɗuwa a kansa.

Ya kamata dai a faɗi wani abu tun da wuri. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu cikin rukunin makaman da aka haramta, waɗanda ba mai ba da lasin riƙe su sai Shugaban Ƙasa. Saboda haka zancen a nan gida ya fi shafar hafsoshin soja da 'yan sanda da sauran masu ɗamara waɗanda aiki kan kai su daji. Inda aka fi sanin wannan al'amari ciki da waje kuwa shi ne Amurka, musamman Alaska da jihohin duwatsu irin su Montana da Wayomin, inda doka ta yarda wa mafarauci da masunci da mai yawon buɗe ido su rataya bindiga. Tun watan Fabrairu na 2010 ma aka yarda a shiga da ita gandun dajin gwamnatin tarayya, muddin dokar jihar da gandun yake ba ta hana ba. Daga wurin waɗannan mutane aka tara mafi yawan abin da aka sani, wani ta hanyar gwaji, wani ta hanyar hasara.

Ainihin matsalar kuwa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san aikin dukawa. Baduku mai ɗinka kuben wuƙa ko na takobi ya san ana neman abu biyu daga gare shi waɗanda ba sa ga maciji da juna: kuben ya riƙe ƙarfe kada ya suɓuce ko da doki ya yi tutsu, kuma ya sake shi nan take in mai shi ya ja. Ya matse da yawa ya ci amanar mai shi ranar gaba, ya yi sako-sako a wayi gari sai kube fanko. Hamilar da mayaƙan dā suke rataya takobi da ita a kafaɗa, da wuƙar nan da ake maƙalawa a damtse, duk amsoshi ne ga tambaya ɗaya, watau a ina makami zai zauna ya bar mutum ya yi harkarsa, amma hannu ya iske shi ba tare da lalube ba. Sai dai bindiga ta ƙara wata larura ta uku wadda takobi ba shi da ita. Takobi ba ya saran kowa yana cikin kube, bindiga kuwa tana iya tashi.

Da fari ma ba mutum ke ɗaukar ƙaramar bindiga ba, doki ne. Libarbar nan ta kamfanin Colt da ake kira Walker, wadda aka ƙera a 1847, nauyinta ya kai kilo biyu, don haka a gaban sirdi ake rataya ta, ɗaya dama ɗaya hagu. Sai da aka sami masu sauƙin nauyi, irin ƙirar 1851, sa'an nan kube ya sauko daga sirdi ya koma ƙugu. Sojojin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 kubensu mai murfi ne, fata ta rufe bindigar har ƙota, ruwa da ƙura ba sa samunta, amma zare ta sai an yi haƙuri. Makiyayan shanun nan da masu zuwa silima suka sani da sunan kaboyi su ma kubensu mai zurfi ne, yana zaune sama a kan ƙugu, bindigar ta nutse a ciki sai ƙota kaɗai ake gani. Kuben nan da ake nunawa a fim, wanda ke reto can ƙasa a cinya don a yi gasar saurin zarowa, akasari ƙirƙirar masu shirya fim ce ta ƙarni na 20. Mutumin da ke wuni a kan doki yana bin shanu cikin sarƙaƙiya tsoron da ya fi damunsa shi ne ya sauka da maraice ya tarar bindigarsa ta faɗi a wani kwari da ba zai iya tunawa ba.

Ɗamarar nan mai maɗauri a kafaɗa, wadda hafsoshi ke sawa ranar fareti a ƙasashe da dama da Ingila ta mulka, ita ma larura ce ta haife ta. Wani hafsan Ingila a Indiya, Sam Browne, an sare masa hannun hagu da takobi a fagen fama cikin 1858. Da yake da hagu ake riƙe kube a zare takobi da dama, sai ya shirya ɗamara mai maɗaurin da ya ratsa ƙirji ya haye kafaɗa, wadda ke tsayar da kube wuri ɗaya, ta kuma raba nauyin takobi da libarba tsakanin ƙugu da kafaɗa. Abin lura a nan shi ne mutumin ya yi ƙirarsa ne don mai hannu ɗaya. Wanda dabba ta danne, ko wanda ya riƙe linzami ko reshe da ɗaya hannun, shi ma a wannan lokaci mai hannu ɗaya ne. Duk kuben da sai an sa hannu biyu kafin a fid da bindiga daga cikinsa bai cancanci daji ba.

To, sai batun kunama. Tsofaffin kube da yawa, har da waɗanda 'yan sandan Amurka suka yi shekaru suna amfani da su, sukan bar kunama a fili don yatsa ya same ta da wuri. An yi ta samun sa'a da wannan ne domin libarba irin ta 'yan sanda tana da taurin kunama, sai an ja da ƙarfin da ya kai kilo biyar ko kusa da haka. Amma tun da kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya ya fito da bindigarsa a farkon shekarun 1980, sauran maƙera kuma suka bi sahu, lissafi ya sake. Irin waɗannan bindigogi ba su da makullin gefe da ake turawa da babban yatsa, kuma nauyin kilo biyu da rabi ya isa ya ja kunamarsu. An ƙera su yadda ko sun faɗi ƙasa ba za su tashi ba, amma ba su san bambancin yatsa da tsinke ba. Duk abin da ya shiga zoben kunama ya danna ta, harsashi zai fita. A daji kuwa abin shiga ba ya ƙarewa: reshe, ƙaya, bakin riga, igiyar da ake tsuke rigar ruwa da ita. An sha samun waɗanda suka harbi cinyarsu wajen mai da bindiga kube, saboda igiyar riga ta riga ta shiga gaban kunama.

Saboda haka sharaɗin da ba a ciniki a kansa shi ne kube ya rufe zoben kunama ruf, ta ciki da ta waje, da abu mai tauri wanda yatsa ba zai iya lanƙwasa shi ya taɓa kunamar ba. Wannan kaɗai ya isa ya fid da kuben yadin nan mai laushi da ake sayarwa da araha, wanda ake cewa yana shiga kowace bindiga. Abin da ya shiga kowace bindiga bai dace da ko ɗaya ba. Kube na ƙwarai don bindiga iri ɗaya ake ƙera shi, har in an ɗaura mata fitila a ƙarƙashin baki sai an sake wani. Soke bindiga a bakin wando ba kube kuwa, wanda ba baƙon abu ba ne a titunan ƙasar nan, ya isa a tuna da wani shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, Plaxico Burress, wanda a watan Nuwamba na 2008 bindigarsa ta zame daga ƙugu ta bi ƙafar wando, ya kai hannu zai tare ta, ta tashi ta huda masa cinya. Bayan rauni ya sha ɗaurin kusan shekara biyu, domin ba shi da lasin riƙe ta a birnin New York.

Batun riƙo ya fi wannan sarƙaƙiya, a nan ne kuma mai saye ya fi ruɗewa, domin 'yan kasuwa sukan rubuta wa kube mataki na ɗaya, na biyu, ko na uku. Asalin wannan lissafi daga aikin 'yan sanda ne. Wani tsohon ma'aikacin hukumar FBI mai suna Bill Rogers, wanda ya fara ƙera kube a farkon shekarun 1970, shi ya tsara gwajin: a sa wani ya kama ƙotar bindiga ya yi ta fizga ta kowace fuska har daƙiƙa biyar, in ba ta fita ba, kuma mai ita ya iya zare ta bayan haka, kube ya ci mataki na ɗaya. Kowane ƙarin makulli da ya jure irin wannan gwaji ya ƙara mataki. Kamfanin Safariland ya sayi kamfaninsa a 1985 ya ci gaba da tsarin. Dalilinsa kuwa shi ne 'yan sanda da dama an kashe su da bindigarsu bayan an fizge ta a kokawa. Wannan tsoro na gaskiya ne ga jami'in da ke shiga cikin taro ko yake kama mai laifi, kuma shi mataki na biyu ko na uku ya kamace shi. Amma mafarauci a dajin Alaska ba mai fizgar bindiga yake tsoro ba. Abokan gabansa su ne santsi da gangare da reshe da ruwa. Makulli ɗaya mai sauƙi, irin maɗaurin fata mai maɓalli da babban yatsa ke ɓallewa yayin da hannu ya kama ƙota, ya ishe shi. Makulli uku da sai an tuna jerinsu, a hannun da sanyi ya ƙandarar cikin safa mai kauri, sun fi kusa da tarko.

Akwai wani irin kuben roba da ya yi tashe, wanda ake buɗe makullinsa da danna maɓalli da yatsa manuniya. Waɗansu makarantun koyar da harbi da rundunonin 'yan sanda a Amurka sun hana amfani da shi, bisa hujja biyu. Ta fari, yatsan da ke danne maɓalli da ƙarfi yayin da bindiga ke fitowa yakan zarce ya faɗa kan kunama. Ta biyu, in tsakuwa ko laka ko ƙanƙara ta shiga bayan maɓallin, sai ya ƙi dannuwa, bindiga ta kulle a ciki. Hujja ta biyun nan ta fi ƙarfi ga wanda ke aiki inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, ko wanda ke wuni a kan babur a hanyar da ba kwalta. Duk makullin da ke da ƙananan ƙarafa a ɓoye, waɗanda ba a iya gani balle a share, ya kamata a yi masa kallon tuhuma.

Sai dai riƙon bindiga a kube rabin zance ne, ɗaya rabin shi ne riƙon kube a jiki. A watan Oktoba na 2016 wani mutumin Montana ya fita duba wuraren farauta, wata beyar mai 'ya'ya ta far masa har sau biyu a safiya ɗaya. Ya kwanta rub da ciki ya kare wuyansa da hannuwa, tana cizo tana taka shi. Da ta ɗan lafa ya kai hannu ƙirji neman bindigarsa, sai ya ji wayam. Dabbar ta tsinke maɗauran, bindiga da kube suna yashe a gefe, tazarar ƙafa biyar. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya taka mil uku zuwa motarsa ya kai kansa asibiti. Ba a ce akwai maɗaurin da zai gagari haƙorin girizili ba, amma labarin ya nuna inda ya kamata ido ya sauka wajen saye: ɗinki, kaurin maɗauri, ƙarfen da ke haɗa su. Kuben da ake maƙalawa a ɗamara da ɗan maƙalin roba, ko mai faffaɗan harshe da ake sokawa cikin wando, an yi su ne don mai son cirewa da sauƙi in ya shiga ofis. Na daji shi ne wanda ɗamara ke ratsa kunnuwansa, ba ya fita sai an kwance ta. Ita ɗamarar ma sai mai kauri da tauri, gama libarba mai harsashin .44 Magnum ta haura kilo ɗaya tun ba a ɗura ta ba, kuma siririyar ɗamarar kwalliya ba abin da za ta yi sai ta lanƙwashe, ƙota ta karkace ta bar jiki, ta riƙa kama kowane reshe.

A ina za a ɗaura shi? Ƙugun dama, ga mai dama, shi ne wurin da hannu ya fi sabawa, kuma ga mai tafiya ba kaya a baya babu abin da ya fi shi. Matsalar ita ce babbar jakar goyo tana da nata faffaɗan maɗauri da ke zama daidai kan ƙugu. Waɗansu sukan mai da kuben kan maɗaurin jakar, abin da ke da daɗi har zuwa lokacin da aka sauke jaka don a sha ruwa ko a kewaya, sai a tafi a bar bindiga tare da ita. Sanya ta cikin jakar kuwa daidai yake da barinta a gida. Kuben cinya, wanda samari ke sha'awa don sun gani a jikin sojojin fim, an yi shi ne don sauko da bindiga ƙasa da rigar sulke. A doguwar tafiya yana kaɗawa, yana goge cinya, shi ne kuma farkon shiga laka in an ƙetare rafi. Na tsakiyar gadon baya ba ya ma buƙatar dogon zance: wanda ya zame ya faɗi rigingine, ƙarfe ne zai tari ƙashin bayansa. Na hammata mai kwance kuwa bakin bindigar yana kallon duk wanda ke biye a kan turba.

Wannan ya sa mutanen Alaska suka raja'a ga kuben ƙirji. Masuncinsu yana tsaye cikin kogi da dogon wandon roba mai kaiwa ƙirji, matafiyinsu yana goye da jaka, wani yana zaune cikin kwalekwale ko kan babur ɗin ƙanƙara, duk ƙugu ba ya samuwa. A ƙirji bindiga tana sama da ruwa, tana waje da riga, kowane hannu yana iya kai mata, kuma in an sauke jaka tana nan. Amma shi ma da nasa aibi. Yana gasa wuri da madubin hangen nesa, wanda mafarauta su ma a ƙirji suke rataya shi. Wajen zarowa bakin bindiga yakan gilma ta kan hannun hagu in ba a koyi ɗage shi ba. A ƙasa mai zafi yana tara gumi, gumi kuwa gishiri ne, gishiri kuma tsatsa. Sa'an nan ga wanda zai sunkuya ya yi aiki da hannu biyu cikin jini da kitse, abu ne da ke gaban mutum yana tokare shi, har zuciya ta raya masa ya cire na ɗan lokaci. Abin da ya faru a Wayomin ke nan.

Dalilin da ya sa 'yan taku suke da wannan muhimmanci, lissafi ne mai sauƙi. Girizili tana gudun mil 35 a sa'a, watau kimanin yadi 17 a daƙiƙa ɗaya. Wadda ta fito daga kurmi a tazarar yadi 50 ta ba mutum daƙiƙa uku. Waɗansu masana biyu, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary, tare da abokan aikinsu, sun bi diddigin karo 269 tsakanin beyar da masu bindiga a Alaska daga 1883 zuwa 2009, suka buga sakamakon a 2012. A inda bindiga ta kasa kare mai ita, babban dalili shi ne rashin lokaci, wanda ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Waɗansu kuma makulli ne ya hana su, waɗansu bindigar ce ta cije. Su dai waɗannan masana sun riga sun nuna a 2008 cewa gwangwanin feshin barkono ya kori beyar mai launin ƙasa a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka fesa shi. Shi ma fa gwangwanin da kubensa yake zuwa, kuma duk abin da aka faɗa a kan wurin ɗaura bindiga ya hau kansa.

Saura abin da ake yin kuben da shi. Fata ita ce ta asali, ba ta ƙara in reshe ya goge ta, tana kuma bin jiki da daɗewa. Amma ba kowace fata ba. Masu ɗinkin kube sukan nemi ƙirgin saniya mai kauri wanda aka jeme da sassaƙe ko 'ya'yan itace, su guji wanda aka jeme da gishirin kurom na masana'anta, domin ana tsoron ragowar gishirin ya ci ƙarfe. Jimar bagaruwa da majeman Kano da Sakkwato suka gāda daga wannan gida na fari take. Sai dai jar fatar akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna har Turai wajen bangon littafi, laushinta da ke sa a so ta shi ne ya hana ta wannan aiki. Akan jiƙa ƙirgi ne a matsa shi a jikin bindigar har ya ɗauki siffarta, ya bushe da tauri. Abin da ke kashe shi kuwa ruwa ne da yawan mai. Mai kirki da ke shafa wa kubensa man shanu ko man kaɗe kowane mako don ya yi sheƙi, yana mai da shi jaka ne sannu a hankali, har wata rana bakin fatar ya naɗe ya shiga zoben kunama. In kube ya jiƙe, a fid da bindiga a goge ta, a bar shi ya bushe a inuwa, ba a bakin wuta ba, kuma kada a kwana da ita a ciki.

Robar nan mai tauri da ake kira Kydex, wadda kamfanin Rohm and Haas ya fito da ita a 1965 don kayan cikin jirgin sama, ita ce ta fi yawa a kasuwa yanzu. Ba ta shan ruwa, ba ta laushi, bakinta a buɗe yake kullum, in bindiga ta zauna sai a ji ɗan ƙas. Laka ta shiga, sai a ɗauraye a kogi. Aibinta kuwa uku ne da aka sani. Da zafi ake lanƙwasa ta wajen ƙira, don haka wadda aka bari a gaban gilashin mota da rana tsaka tana iya sakin siffarta, abin da mai aiki a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu bai kamata ya raina ba. Yashi in ya maƙale a ciki yakan kankare fentin bindiga. Sukurorin da ke haɗa ta kuma jijjigar babur da tafiya sukan kwance su, sai an riƙa dubawa ana ɗaurewa.

Ba a gane kube a kanti, sai an gwada shi, gwajin kuwa da bindiga fanko ake yi, bayan an cire gidan harsashi an leƙa maƙogwaro da ido, an kuma fid da harsasan daga ɗakin baki ɗaya. A sa ta a kube a kife shi a kan katifa a girgiza. In ta faɗo, zance ya ƙare. A danna gefen kuben da yatsa a ga ko ana iya motsa kunama. Sa'an nan a ɗaura shi tare da ainihin kayan da za a shiga daji da su, jaka da rigar ruwa da safar hannu, a yi gudu, a yi tsalle, a durƙusa, a zauna a mota, a kwanta rigingine da rub da ciki a gwada zarowa da dama, a gwada da hagu. Bayan wannan a wuni da shi a jiki ana aikin gida, ana sara ana ɗauka ana sunkuyawa, a lura da sa'ar da aka fara jin marmarin cire shi, da kuma wurin da yake ci. Wani lokaci ɗaga maɗauri da inci ɗaya ke gyara abin, wani lokaci kuwa sai an sake kube. Mai shiga kwalekwale ko mai hawan doki ya ƙara da igiya daga zoben gindin ƙota zuwa ɗamara, irin wadda libarbar Webley ta sojan Ingila ke da ita, wadda 'yan sandan doki na Kanada har yau suke ratayawa fara a wuya ranar ado. Mai da bindiga kube kuwa ba a gaggawa a cikinsa: a janye riga da ɗaya hannun, a dubi bakin kuben, yatsa a miƙe a gefe, a tura a hankali, in an ji ta tokari wani abu a tsaya a fid da ita a duba.